Wasiƙa: A Nemo Makaɗan da Ke Zaune Cikin Sansanonin 'Yan Gudun Hijira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da jaridunmu na Hausa ba su cika waiwaya ba, wato rawar da makaɗa da mawaƙan Afirka ta Yamma suka taka wajen tallafa wa mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu. Duk ranar 20 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2001 domin tunawa da 'yan gudun hijira, mukan ga hotunan manya suna miƙa buhunan shinkafa da barguna, wani lokaci kuma a gayyato fitaccen mawaƙi ya yi wasa a ɗakin taro na wani babban otal, a tafa masa, a watse. Ba na raina wannan ƙoƙari. Sai dai idan aka bi tarihin yankinmu na shekaru talatin da suka wuce, za a tarar cewa kiɗan da ya fi yi wa 'yan gudun hijira amfani shi ne wanda su da kansu suka yi a cikin sansani, a gaban mutanen da suke bin layin abinci tare, kuma shi ne ba a cika kashe masa ko sisi ba.

Bari in fara da Saliyo, domin labarinta bai yi wa 'yan Najeriya nisa ba. Yaƙin basasar ƙasar ya fara ne a watan Maris na 1991, lokacin da 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh suka shigo daga Laberiya, bai kuma ƙare ba sai a watan Janairu na 2002, lokacin da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya yi shelar cewa an ajiye makamai. A tsakanin nan sojoji sun hamɓarar da Kabbah a 1997, dakarun haɗin gwiwar Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, waɗanda akasarinsu 'yan Najeriya ne suka mayar da shi kan mulki a 1998, sannan 'yan tawaye suka afka wa Freetown a ranar 6 ga Janairu 1999 suka yi ɓarnar da har yau mutanen birnin ba su manta ba. Akwai gidaje da yawa a Arewa da suka rasa 'ya'yansu sojoji a wannan yaƙi. Abin da ya fi fitar da sunan RUF a duniya shi ne yanke wa farar hula hannuwa, manya da yara, kuma tsoron wannan ta'asa ya kori dubban ɗaruruwan mutane zuwa maƙwabciyarsu Gini.

Cikin waɗanda suka tsallaka a 1997 akwai wani mawaƙi mai suna Reuben Koroma da matarsa Grace. Sun sauka a sansanin Kalia kusa da iyaka, inda suka haɗu da wasu makaɗa da suka sani tun a gida, ciki har da wani dattijo mai kaɗa jita, Francis John Langba, suka riƙa yi wa maƙwabtansu waƙa da yamma. Zaman bai ɗore ba. A shekarar 2000 faɗa ya tsallako cikin Gini, Shugaba Lansana Conté ya fito ya zargi 'yan gudun hijira da ɓoye 'yan tawaye, aka shiga kai musu hari, har dole ta sa aka kwashe su zuwa can tsakiyar ƙasar, sansanin Sembakounya kusa da garin Dabola. A can ne wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Kanada ta ba su tsofaffin jita biyu masu amfani da lantarki, da makirfo guda ɗaya, da 'yar lasifika. Da waɗannan kaya aka kafa ƙungiyar da duniya ta sani daga baya da sunan Refugee All Stars ta Saliyo. Biyu daga cikin 'yan ƙungiyar 'yan tawaye sun yanke musu hannu, ƙaraminsu kuwa yaro ne maraya da ya rasa iyayensa a yaƙin.

Ina so mai karatu ya tsaya ya dubi jerin kayan nan, jita biyu da makirfo ɗaya, ya kwatanta kuɗinsu da abin da ake kashewa a kan lemo da ruwan roba a taro ɗaya na manyan jami'an agaji. Sannan ya yi tunanin yadda zaman sansani yake. Mutumin da ya saba fita gona da asuba, ko ya buɗe shago, ko ya koyar a makaranta, ya wayi gari ba shi da abin yi sai jiran ranar rabon abinci, abincin ma ɓarzajjiyar alkama ce ake ba mutanen da tun haihuwarsu shinkafa suka sani. Yunwa da cuta ana iya auna su a rubuta a rahoto, amma zaman banza da tunanin abin da ido ya gani ba su da ma'auni, kuma su ne suke karya magidanci, su jefa samari cikin shaye-shaye ko su mayar da su hannun masu ɗaukar mayaƙa. Waɗannan makaɗa sun yi waƙa da Kiriyo da Turanci da sauran harsunan ƙasarsu, a kan kiɗan rege da kaɗe-kaɗen gargajiya irin su gumbe, kuma abin da suka waƙe shi ne rayuwar da masu sauraro suke ciki: barin gida, rufin leda, wulaƙancin da baƙo yake sha, har da sabulun soda na haɗin gida wanda 'yan birni suke ƙyama a da, yaƙi ya sa kowa ya koma wanka da shi. Mutumin da zai iya sa waɗanda suka rasa komai su yi dariya a kan sabulun da suke wanka da shi ya yi musu aikin da buhun hatsi ba zai yi ba, kuma ba zai iya hakan ba sai don shi ma da wannan sabulun yake wanka.

Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lura da tasirinsu, ta ɗauki nauyin zagayawa da su sauran sansanonin Gini. Da yaƙi ya ƙare aka fara maganar komawa gida, mutane da yawa sun ƙi yarda cewa lafiya ta samu, domin sun sha jin irin wannan albishir a baya ya zama ƙarya. Hukumar ta kai 'yan ƙungiyar Freetown su gani da idonsu, suka naɗi waƙoƙinsu a can, suka dawo suka ba da labarin abin da suka tarar. Wasu Amurkawa biyu da suka haɗu da su a sansani a 2002 sun bi su da kyamara, fim ɗin ya fito a 2005, faifansu na farko ya biyo baya a 2006, daga nan suka shiga zagaya Amurka da Turai. A 2007 sun sa murya a wani faifai da ƙungiyar Amnesty International ta shirya domin mutanen Darfur, wato waɗanda aka taimaka jiya suka juya suna taimakon wasu. Wannan ɓangaren na ɗaukaka shi ne jaridun waje suka fi so, amma a ganina shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Aikin gaske an yi shi ne a Sembakounya, lokacin da babu wanda ya san sunansu.

Labarin Mali ya fi wannan ɗaci, domin har yanzu bai ƙare ba. A watan Janairu na 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin ƙasar, a watan Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, kafin a ankara Kidal da Gao da Timbuktu sun faɗa hannun 'yan tawaye, daga baya ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi suka ƙwace iko da su. A watan Agusta na shekarar aka yi shelar haramta kiɗa a yankunan da suke riƙe da su, aka ƙona kayan kiɗa, aka yi wa mawaƙa barazana. Jama'a suka watsu, wasu zuwa sansanin Mbera a Muritaniya, wasu Mentao da Goudoubo a Burkina Faso, wasu kuma Abala da Mangaize da Tabareybarey a yammacin Nijar. Bikin kiɗan hamada da ake yi tun 2001, wanda ya daɗe a Essakane kafin a dawo da shi gefen Timbuktu, an yi na ƙarshe a watan Janairu na 2012. Shugabansa Manny Ansar bai naɗe hannu ba. Ya haɗa kai da masu shirya bikin da ake yi a bakin kogin Neja a Segou da wani biki na kudancin Maroko, suka kafa ayarin zaman lafiya mai yawo da makaɗa daga gari zuwa gari, domin mutanen arewa da na kudu, Buzaye da Songai da Bambara da Fulani, su ga 'ya'yansu a dandali ɗaya a lokacin da kowace ƙabila take zargin 'yar'uwarta. A watan Janairu na 2013 kuma Fatoumata Diawara ta tara mawaƙan Mali kimanin 40 a Bamako suka yi waƙar kiran zaman lafiya, yayin da wasu samari da rikicin ya koro daga arewa suka kafa ƙungiyar Songhoy Blues suna wasa a gidajen rawa na Bamako, inda akasarin masu zuwa kallonsu 'yan'uwansu ne da suka gudo.

Wadda ta fi jan hankalina a wannan babi ita ce Fadimata Walet Oumar, wadda aka fi sani da Disco, jagorar ƙungiyar Tartit. An kafa ƙungiyar ce a sansanin gudun hijira a shekarun 1990, lokacin tawayen Buzaye na wancan zamani, sai ga shi a 2012 wannan baiwar Allah ta sake tsintar kanta a sansani a Burkina Faso, gudun hijira karo na biyu a rayuwa ɗaya. A can ta shiga haɗa kan mata, suna sana'ar hannu suna kuma yin kiɗa. Babban abin kiɗansu shi ne tinde, kuma tinde turmi ne na daka: a shimfiɗa masa fatar akuya a baki, a ɗaure ta tam, a riƙa yayyafa mata ruwa domin sautin ya zauna, mata su kewaye shi suna tafi suna amshi. Idan an gama sai a kwance fatar, turmi ya koma aikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin matan Hausa sun kifa ƙwarya a kan ruwa suna kiɗan amada, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta shahara da shi, ya san cewa mace ba ta buƙatar injin lantarki kafin ta tara jama'a. Daga baya Disco da marigayiya Khaira Arby sun koma Timbuktu sun yi wasa a bainar jama'a, a garin da aka ce kada a sake jin kiɗa.

Dole a faɗi gaskiya cewa wannan duka bai kawo ƙarshen yaƙin Mali ba. Bikin hamada bai koma Essakane ba har yau, sansanonin Mentao da Goudoubo ma hare-hare sun tarwatsa su daga 2020, mutanen da suka gudo daga Mali suka sake neman wurin gudu. Duk wanda ya ce waƙa tana tsayar da harsashi yana yaudarar kansa ne. Abin da take yi shi ne ta riƙe mutane a matsayin al'umma har zuwa ranar da za su sami inda za su koma, kuma idan ranar ta zo, ta zama shaidar cewa da gaske an dawo. Mutanen Agadas sun ga haka. Makaɗin jita Bombino, wanda ya yi gudun hijira zuwa Aljeriya yana yaro a 1990, ya sake gudu zuwa Burkina Faso bayan tawayen 2007 da aka kashe abokan kiɗansa biyu, ya dawo gida a watan Janairu na 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da izinin Sarkin Abzin, jama'a suka cika filin. A garin da aka taɓa ɗaukar riƙe jita a matsayin alamar tawaye, wannan taro ya gamsar da mutane fiye da kowace sanarwa ta rediyo.

Na san abubuwa biyu da za a ce mini. Na farko, mai jin yunwa ba ya rawa, don haka a bar maganar kiɗa sai an ƙoshi. Amsata ita ce babu wanda ya ce a rage mudu ɗaya daga rabon kowa, kuma sansanin da aka yi shekara goma ana zaune a cikinsa ya wuce matsayin wurin agajin gaggawa, ya zama gari, ana aure a cikinsa, ana suna, ana kaciya, yaran da aka haifa a can sun isa shiga sakandare. Na biyu shi ne saɓanin malamai a kan kayan kiɗa, kuma ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci a nan. Sai dai fagen yana da faɗi. Akwai rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa, akwai bege da mandiri, akwai waƙoƙin daka da na reno da na gaɗa, akwai kiɗan noma da na sana'a. Kowace al'umma ta san abin da ta yarda da shi, kuma mazauna sansani su ya kamata su zaɓa, ba baƙon da ya zo da motar lasifika ba.

Malam Edita, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma tuni ya iso mu. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo a arewacin Kamaru an buɗe shi tun 2013, kuma dubun-dubatar 'yan Najeriya ne a ciki, akasarinsu daga Borno. Akwai Sayam Forage a jihar Diffa, akwai sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi wanda ya cika bayan harin Baga na Janairun 2015, sannan tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke tsallakawa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, inda aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Chadakori da Ɗan Daji Makau. Ba zai yiwu a kwashe garuruwa sukutum a ce babu makaɗi ko ɗaya a cikinsu ba. Akwai masu ganga da algaita daga ƙasar Borno, akwai masu kalangu da kukuma da gurmi daga ƙasar Zamfara, wadda kowa ya san ita ce matattarar manyan makaɗan Hausa, akwai zabiyoyi, akwai kuma samari masu haɗa waƙa a wayar hannu. Da yawansu sun gudo ba tare da kayan sana'arsu ba, waɗanda suke yi wa kiɗa su ba su kyauta kuwa, sarakai da manoma da mahauta, su ma sun zama masu jiran taimako. Makaɗin da ya rasa iyayen gidansa ya rasa abincinsa, kuma ban taɓa ganin an sa shi a lissafin masu sana'ar da za a tallafa wa ba, alhali ana raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe.

A cikin fitattun mawaƙan yankinmu akwai waɗanda suka yi abin a yaba. Rokia Traoré ta Mali ta ziyarci sansanin Goudoubo, ta kuma zama jakadiyar hukumar 'yan gudun hijira a 2016, Innocent Idibia da aka fi sani da 2Baba ya ba da gudummawa domin mutanen Arewa maso Gabas kafin shi ma a naɗa shi jakada a 2020, Tiken Jah Fakoly na Kwaddibuwa kuwa ya ɗauki tsarin gina makaranta da kuɗin wasa, abin da ido zai iya gani a je a taɓa. Mawaƙanmu na Hausa na zamani, waɗanda suke cika filin wasa a Kano da Yamai da Kumasi, suna da jama'ar da ta isa su yi fiye da haka. Idan lokacin zaɓe ya zo ba su rasa motar da za ta kai su ƙauyen da ya fi kowane lungu, don haka nisa ba hujja ba ce. Amma idan za a yi wasan tara kuɗi, to a yi shi da lissafi a fili: nawa aka samu a ƙofa, nawa aka biya na fili da kayan sauti, nawa ya rage, wa aka danƙa wa, a wane sansani. Sau da yawa akan sanar da taro da sunan marayu da 'yan gudun hijira, a ga hotunan daren, daga nan shiru kake ji. Kuma duk mawaƙin da ya je sansani, ya kamata ya nemi makaɗan wurin su hau dandali tare, a biya su ladan aikinsu, a bar musu kayan sauti idan za a tafi.

Akwai wani haɗari da ya wajaba in ambata, domin yana cikin labarin Saliyo ɗin kansa. An yarda da maganar Reuben Koroma da abokansa a kan komawa gida ne saboda su ma 'yan sansani ne, kuma Allah ya sa abin da suka faɗa gaskiya ne, yaƙi ya ƙare. Da an yi amfani da su aka tura mutane inda ba lafiya, da amanar ta karye, da kuma alhakin rayuka ya hau kansu. Wannan ba zance ne na nesa ba a wurinmu. An zargi Kamaru da tilasta wa 'yan Najeriya komawa kafin yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Maris na 2017, gwamnatin Borno kuma ta rufe sansanonin cikin Maiduguri daga 2021, matakin da har yanzu ake muhawara a kansa, wasu na ganin ya dawo wa mutane da mutuncinsu, wasu na ganin an yi gaggawa. A irin wannan yanayi, mawaƙin da aka ba kwangila ya je ya rera wa mutane cewa gida ya yi lafiya, alhali shi bai kwana a garin ba, ya zama ɗan kamfe kawai. Hukumomi su kai makaɗan sansani su gani da idonsu, su kuma bar su su faɗi abin da suka gani, ko da bai yi wa hukuma daɗi ba.

Roƙona gare ka shi ne, kafin 20 ga Yuni mai zuwa ka tura wakilanka na Maiduguri da Maraɗi da Diffa su shiga waɗannan wurare su tambayi shugabannin sansani su wane ne makaɗa da mawaƙansu, su ji abin da suke rerawa, su rubuto mana baitocin da izinin masu su, su kuma faɗa mana abin da suka rasa na kayan aiki da kuɗinsa a kasuwa, domin mai niyyar taimako ya san inda zai dosa. Haka kuma duk lokacin da aka kawo muku tallar wasan tara kuɗi da sunan 'yan gudun hijira, ku koma wa masu shirya shi bayan wata guda ku nemi lissafi, ku buga amsar da suka ba ku, idan sun ƙi amsawa ma ku buga.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Gusau.